Bayan an cire ƙari daga ƙwaƙwalwa: gashin duka kai, gashin saiti, ko a zuba ido?

An yi tiyata, an ciro ƙarin, mara lafiya ya farfaɗo har ya fara tashi zaune yana gane masu zuwa dubiya. Hankalin dangi ya soma kwanciya, sai likita ya kira ku ofis ya ce aiki bai ƙare ba, akwai maganar gashi, wato harba haske mai ƙarfi don ƙone ragowar ƙwayoyin cutar, kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Wani ya ce a gasa kan gaba ɗaya. Wani ya ce a saita hasken a gurbin da aka yi aikin kawai. Wani ɗan'uwa da ke waje ya bugo waya ya ce ya ji ana dasa wasu 'yan ƙwayoyi a cikin kai tun a ɗakin tiyata. A ran mara lafiyar kuwa tambaya ɗaya ce: tunda an cire, me zai hana a ƙyale ni in huta?

Kafin a shiga awo, a san wa ake nufi. Ƙarin ƙwaƙwalwa iri biyu ne. Akwai wanda ya tsiro daga ƙwaƙwalwar kanta, akwai kuma wanda ya taso daga kansar wani sashe na jiki, galibi huhu, mama, ƙoda, hanji ko kansar fata da ake kira melanoma, ya bi jini ya yada zango a kai. A manya, na biyun ya fi yawa, kuma a kansa ne wannan kwatance yake. Wanda aka ce masa ƙarinsa glioblastoma ne, wato wani mugun ƙari mai tsirowa daga ƙwaƙwalwar kanta, hanyarsa ta daban ce kuma an daɗe da shata ta: tun binciken da Roger Stupp ya jagoranta a 2005, abin da aka saba shi ne gashi zama 30 cikin sati shida tare da maganin temozolomide, tsofaffi kuma a kan gajarta musu zuwa zama 15 cikin sati uku. Haka ƙarin yara da ƙarin da ke fitowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kowanne da nasa lissafin.

Me ya sa cirewa kaɗai ba ta isa ba

Likitan tiyata abin da ido da madubin aiki suka nuna masa yake cirewa. A bangon ramin da ya bari, 'yan ƙwayoyin cutar da ba a iya gani sukan maƙale. Duk wanda ya taɓa nome aya-aya ya san lamarin: ka tuge ganyen gona ta yi fes, amma 'yar ƙwallon na nan a ƙasa tana jiran ruwa.

An auna wannan da alƙaluma. A 1998 Roy Patchell da abokan aikinsa a Jami'ar Kentucky ta Amurka suka ɗauki mutum 95 da aka cire wa ƙari guda ɗaya tas, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A cikin waɗanda ba a yi wa gashi ba, ƙarin ya dawo a gurbinsa ga kashi 46 cikin 100. A cikin waɗanda aka gasa wa duka kai, kashi 10 ne kacal. Daga baya wani babban bincike na Turai da aka wallafa a 2011, mai mutum 359, ya sami kusan haka: cikin shekara biyu bayan tiyata, dawowa a gurbi ta sauko daga kashi 59 zuwa 27 idan an yi gashi. Wato idan aka tsaya a tiyata, kusan rabin mutane za su sake ganin abin a wuri guda.

Ma'aunan da ya kamata a ɗora kowace hanya a kai

Na farko shi ne ƙarfin hanyar wajen hana ƙarin dawowa a gurbinsa. Na biyu, ko tana tare sababbin tsiro a wasu sassan ƙwaƙwalwa, domin cutar da ta aiko da ɗaya tana iya aiko da wani. Na uku, abin da za ta yi wa tunani: riƙe magana, tuna sunaye, lissafin kuɗi, bin karatu. Na huɗu, sauran haɗurra da illoli. Na biyar, sauƙin samu da yawan zirga-zirga. Na shida, kuɗi, kuma a nan ba kuɗin gashin kaɗai nake nufi ba, har da na masauki, na mota, da na hotunan bibiya da za a riƙa ɗauka wata da watanni.

Za ku lura ban sa tsawon rai a cikin ma'aunan ba. Da gangan ne. Rai na Allah ne, amma ko a alƙaluman masu bincike, manyan gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ta fi wata tsawaita kwana ba. A binciken Turai ɗin nan, rabin waɗanda aka yi wa gashin duka kai sun wuce wata 10.9, rabin waɗanda ba a yi wa ba sun wuce wata 10.7. Dalili shi ne abin da ke yanke hukunci ga mafi yawan mutane halin da kansar take ciki ne a sauran jiki. Wannan ya kamata ya sauke wa iyalai wani nauyi daga zuciya. Ba zaɓi ne tsakanin mutuwa da rayuwa ba. Zaɓi ne a kan yadda mara lafiya zai yi watanni ko shekarun da ke gabansa, da irin haɗarin da gidan zai iya ɗauka.

Gashin duka kai

Wannan ita ce tsohuwar hanya, wadda likitoci ke rubuta wa WBRT a takardar asibiti. Ana haska ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, yawanci zama 10 cikin sati biyu, Litinin zuwa Juma'a, jimillar awo 30 a ma'aunin Gray. Kafin a fara, ana jiƙa wata roba mai raga-raga a ruwan ɗumi, a shimfiɗa ta a fuska har ta huce ta sandare ta ɗauki siffar mutum, a riƙa ɗaure kan da ita a jikin gado a kowane zama don kada ya motsa. Shi kansa zaman 'yan mintuna ne, ba zafi, ba abin da ake ji sai ƙarar na'ura.

A ma'auni na farko da na biyu ba ta da tamka. Tana tsare gurbin tiyata, tana kuma kashe ƙananan tsiron da hoto bai kai ga nunawa ba a ko'ina cikin kai. A binciken Patchell, dawowar cutar a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa ta kasance kashi 18 ga waɗanda aka gasa, kashi 70 ga waɗanda aka bari.

A ma'auni na uku ne take biyan farashi mai tsada. Binciken da Paul Brown na asibitin Mayo ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya ɗauki mutum 194 daga cibiyoyi 48 na Amurka da Kanada, ya gwada gashin duka kai da gashin saiti bayan tiyata. Bayan wata shida, kashi 85 na waɗanda aka gasa wa duka kai sun nuna raguwar kaifin tunani a gwajin da aka yi musu. A ɗaya ɓangaren kashi 52 ne. Wannan raguwa ba lallai ta zama gushewar hankali ba, kada a tsorata da kalmar. Sau da yawa abin da iyali ke gani shi ne uwa ta ɗora tukunya ta manta ta sa gishiri ko ba ta sa ba, ɗan kasuwa ya kasa riƙe bashin da yake bi a kai kamar da, malami ya karanta shafi ya koma farko. Ga wanda sana'arsa da mutuncinsa suka rataya a kan ƙwaƙwalwarsa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ban da haka akwai zubewar suma, kasala mai nauyi da kan ɗauki makonni, bushewar fatar kai, wani lokaci da toshewar kunne. Kuma a kan yi shi sau ɗaya ne. Maimaita shi abu ne da likitoci ke ɗari-ɗari da shi.

A sauƙi da kuɗi kuwa ita ce kan gaba. Duk cibiyar da ke da na'urar gashi mai aiki, ko tsohuwa mai amfani da sinadarin kobalt ce, tana iya yin sa. Shi ne mafi arha a cikin gashin kai.

Gashin duka kai mai kauce wa cibiyar tunani

Akwai gyaran da aka yi wa wannan tsohuwar hanya wanda a ganina bai samu yayatawar da ta dace da shi ba. A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu 'yan sassa biyu da ake kira hifokamfus, waɗanda ke da babban aiki wajen ajiye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Ƙari bai cika sauka a nan ba, amma wurin ba ya jure haske. Na'urorin zamani suna iya lanƙwasa hasken ya rufe sauran ƙwaƙwalwa ya rage ƙarfi a kan waɗannan sassa. Ana haɗa wannan da ƙwayar memantine, wadda asalinta maganin cutar mantuwar tsufa ce, a sha ta kusan wata shida.

Gwajin da aka wallafa a 2020 mai mutum 518 ya nuna kauce wa hifokamfus ya rage haɗarin lalacewar tunani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da gashin duka kai na gargajiya tare da memantine, ba tare da cutar ta ƙara samun damar dawowa ba. Bai kai gashin saiti kare tunani ba, suma ma za ta iya zuba, amma rata ce ta gaske. Sharaɗinsa shi ne na'urar gashi ta zamani da ake kira linak, mai iya sarrafa ƙarfin haske, da hoton MRI mai kyau don zana wurin, kuma kada a sami ƙari dab da hifokamfus ɗin. Tsohuwar na'urar kobalt ba ta wannan aiki. Kuɗinsa ya ɗara na gargajiya saboda aikin tsarawa. Ko inda ba a iya kaucewar, memantine kaɗai abu ne da ya kamata a tambayi likita a kai, domin samun sa bai kai wahalar samun na'ura ba.

Gashin saiti a gurbin tiyata

Wannan shi ake rubuta wa SRS. Tunaninsa ya samo asali ne daga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, wanda ya ƙera na'urar Gamma Knife a ƙarshen shekarun 1960. Maimakon a watsa haske ko'ina, ana harbo siraran haskoki daga kusurwoyi masu yawa, kowanne ba shi da ƙarfin yin ɓarna a kan hanyarsa, amma duk su haɗu a wuri guda. Gamma Knife ta zamani tana da maɓuɓɓugar haske 192. Akwai kuma CyberKnife mai hannun mutum-mutumi, da na'urorin linak da aka ƙara wa kayan saiti. Duk da kalmar Knife, wato wuƙa, da ke cikin sunayen, ba a yanka komai. A wasu na'urorin ana ɗaura wa kai wani ƙarfe mai kusoshi huɗu bayan an yi allurar kashe zafi, a cire shi a ranar. A wasu kuma robar fuska ce kawai. Ƙaramin gurbi zama ɗaya ya ishe shi. Babba a kan raba shi zama uku ko biyar don a tausaya wa naman da ke kewaye.

Ƙarfinsa a gurbi: a gwajin da Anita Mahajan ta jagoranta a cibiyar MD Anderson da ke Houston, wanda shi ma ya fito a 2017, bayan shekara ɗaya gurbin ya zauna lafiya ga kashi 72 na waɗanda aka yi wa gashin saiti, kashi 43 na waɗanda aka zuba wa ido. Girman ƙarin ya yi tasiri ƙwarai: waɗanda nasu bai wuce santimita 2.5 ba sun fi sauran samun zaman lafiya nesa ba kusa ba.

Amma ga abin da ba a cika faɗa wa iyalai ba. A gwajin Brown, inda aka gwada shi kai tsaye da gashin duka kai, gashin saiti ya ɗan gaza ko a gurbin ma: kashi 61 bayan shekara, gashin duka kai kuma kashi 81. A ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ratar ta fi faɗi, kusan kashi 37 da kashi 72. Ba abin mamaki ba ne, tunda sauran kan ba a taɓa shi ba. Duk da haka tsawon rai ya zo daidai, wata 12.2 da wata 11.6. Yaya aka yi haka? Saboda a waɗancan cibiyoyi ana ɗaukar hoton MRI a kai a kai, da zarar sabon tsiro ya leƙo yana ɗan mitsitsi sai a sake saita masa haske. Wato nasarar gashin saiti rabinta a na'ura take, rabinta a bibiya.

A nan ne nake ganin iyalai da yawa ke yin kuskuren lissafi. A sayar da fili ko a yi karo-karo a kai mara lafiya Alkahira ko Indiya, a yi gashin saiti zama ɗaya, a dawo gida ana hamdala, daga nan ba a sake ɗaukar hoto ba sai ranar da ciwon kai ya tsananta ko farfaɗiya ta kama shi. A lokacin sabon ƙarin ya riga ya girma. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗauki alƙawarin hoton MRI duk wata biyu zuwa uku, musamman a shekarar farko, da alƙawarin komawa wurin na'urar idan hoton ya nuna wani abu. Idan gidan ba zai iya riƙe wannan alƙawari ba, alƙaluman da suka sa likitocin Amurka da Turai suka fifita gashin saiti ba su shafe shi yadda ake zato ba.

Haɗurransa biyu ne manya. Na ɗaya, mutuwar naman ƙwaƙwalwa a inda hasken ya taru, wadda kan bayyana bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara. Tana iya kawo kumburi da ciwon kai, kuma a hoto takan yi kama da dawowar ƙari har ta rikita likitoci. Ana maganinta da dexamethasone, ko allurar bevacizumab, wani lokaci sai an sake aiki. Na biyu, ƙwayoyin cutar da suka zube lokacin tiyata suna iya bazuwa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wurin da saitin bai kai ba. Wannan ya fi faruwa idan an ciro ƙarin gutsure-gutsure maimakon dunƙule guda, ko idan yana can ƙeya. Ku tambayi likitan tiyata yadda ya ciro shi. Amsar tana da amfani ga mai tsara gashin.

Suma ba ta cika zuba ba sai ɗan wuri idan gurbin yana kusa da fata. Mutum kan koma gida a ranar, kuma ba a jinkirta maganin kansar sauran jiki na makonni. Kuɗinsa ya fi na gashin duka kai sosai, ga kuɗin tafiya ga mafi yawanmu.

Gashin saiti kafin tiyata

Wannan dabara ce da masu bincike ke zumuɗi a kanta yanzu, kodayake ga wanda aka riga aka yi wa aiki ta wuce. Na kawo ta ne don wanda ke jiran tiyata, ko wanda za a sake yi wa. Ana haska ƙarin tun yana wurinsa, sannan a cire shi cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Hikimar a bayyane take: ƙari mai iyaka ya fi ramin da ya lotse sauƙin saiti, ƙwayoyin da za su zube an riga an raunana su, naman da ya sha haske mafi yawa kuma wuƙa za ta ɗauke shi. Wani nazari na 2016 da ya duba bayanan marasa lafiya na baya ya sami bazuwa a tantani kusan kashi 3 ga waɗanda aka gasa kafin aiki, kusan kashi 17 ga waɗanda aka gasa bayansa, mutuwar nama ma ta ragu. Sai dai nazarin waiwaye ba ya da nauyin gwajin ƙuri'a, shi ya sa aka buɗe manyan gwaje-gwaje irin NRG-BN012 don tantancewa. Illarsa: ana gasa abu kafin ɗakin gwaji ya tabbatar da ko mene ne, ba ya yiwuwa idan aikin na gaggawa ne, kuma sai asibitin da likitan tiyata da na gashi ke aiki kafaɗa da kafaɗa.

Gashi daga ciki

Hanyar da ɗan'uwanku na waje ya ji labari ita ce GammaTile, wadda ta samo asali daga likitocin cibiyar Barrow da ke Phoenix a jihar Arizona. Wani ɗan faifai ne na kolajin, wani sinadari mai narkewa a jiki, santimita biyu tsawo biyu faɗi, ɗauke da ƙwayoyi huɗu na sinadarin siziyom-131. Da zarar an ciro ƙarin, likita ya jera su a bangon ramin ya rufe. Gashi ya fara nan take, ba jiran rauni ya warke, ba zirga-zirga. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk kwana 9.7, don haka kusan kashi 90 na hasken ya gama fita cikin kwana 33. Kolajin ɗin ya narke, 'yan ƙwayoyin su zauna ba sa komai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don ƙarin da ya dawo, a 2020 ta faɗaɗa zuwa sabon ƙari mai muni. Wani ƙaramin gwaji na farko a New York da ƙwayoyin siziyom, mai mutum 24, bai ga dawowa a gurbi ko ɗaya ba, amma mutum 24 ba su isa a gina hukunci a kansu ba. An shirya babban gwaji mai suna ROADS don gwada shi da gashin saiti.

Inda ya fi burge ni shi ne ƙarin da ya dawo a wurin da aka riga aka gasa, inda ƙarin haske daga waje ke da haɗari. Kamar gashin saiti, ba ya tsare sauran ƙwaƙwalwa, don haka bibiya na nan daram. Samunsa kusan a Amurka ne, da tsadar Amurka, kuma abin da ke rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana goma ba kayan da za a yi oda a ajiye ba ne. Akwai 'yar'uwar wannan hanya da aka fi gwadawa a Jamus, inda ake zura kan wata ƙaramar na'ura cikin ramin a haska shi na 'yan mintuna kafin a ɗinke. Ita ma tana hannun cibiyoyi ƙalilan.

Zuba ido

Barin gashi gaba ɗaya shi ne mafi arha yau, mafi haɗari gobe, tunda kusan rabi ke ganin dawowa a gurbi. Ba hanyar da zan ba wa mai ƙarfin jiki shawara ba ce. Tana da gurbi a wurare biyu. Na ɗaya, ƙaramin ƙari da aka cire tas, ga kuma magani mai ratsa ƙwaƙwalwa da ya dace da irin kansar, kamar osimertinib ko alectinib ga wasu nau'o'in kansar huhu, ko tucatinib ga wani nau'in kansar mama, tare da hoto a kai a kai. Wannan hukunci ne na likitan kansa bayan gwajin ƙwayar cutar. Na biyu, mara lafiyar da jiki ya yi rauni ƙwarai, wanda jigilar sati biyu za ta ci masa fiye da abin da za ta ba shi. A irin wannan hali, rage kumburi da ciwo a bar shi cikin iyalinsa kulawa ce cikakkiya, ba sakaci ba.

| Hanya | Tsare gurbi | Tsare sauran kai | Tunani | Zama | Kuɗi | Samuwa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Duka kai na gargajiya | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi | Ya fi taɓuwa | Kusan 10 | Mafi arha | Duk cibiyar gashi |
| Duka kai mai kaucewa, da memantine | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi | Da sauƙi | Kusan 10 | Matsakaici | Linak ta zamani |
| Saiti bayan tiyata | Mai kyau | Babu | Ya fi tsira | 1 zuwa 5 | Mai tsada, ga bibiya | Cibiyoyi ƙalilan |
| Saiti kafin tiyata | Mai kyau, ana kan gwaji | Babu | Ya fi tsira | 1 zuwa 3 | Mai tsada, ga bibiya | Ƙalilan ƙwarai |
| Gashi daga ciki | Alamu masu kyau | Babu | Ana sa ran tsira | Cikin tiyata | Mai tsada ƙwarai | Galibi Amurka da Turai |
| Zuba ido | Rauni | Babu | Ba illar gashi | Babu | Kuɗin hoto | Ko'ina |

Farashi yana sauyawa daga cibiya zuwa cibiya, yana kuma bin canjin kuɗi, amma jerin wanda ya fi wani tsada bai cika sauyawa ba. Ku nemi a rubuta muku jimilla a takarda: hoton tsarawa, robar fuska, zaman gashin, magunguna, ganin likita na bibiya. Na'urorin gashi akwai su a wurare irin su Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, cibiyar kansa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da aka buɗe a 2019, Korle Bu a Akara, Komfo Anokye a Kumasi, da cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai da ta fara gashi a 2021. Amma samun na'ura daban, yin gashin saiti ko kauce wa hifokamfus daban. Ku buga waya kafin ku hau mota, ku tambayi abu uku: wane irin gashin kai suke yi, na'urar tana aiki a wannan satin, kuma layin ya kai sati nawa.

Wa ya dace da wace

Mai ƙari ɗaya zuwa 'yan kaɗan, jiki da ƙarfi, kansar sauran jiki tana jin magani, kuma gidan na iya ɗaukar nauyin MRI duk wata biyu zuwa uku da komawa cibiyar idan ta kama: gashin saiti. Nan ne shawarar ƙungiyoyin likitocin kansa na Amurka ta karkata, kuma nan zan karkata. Idan gurbin babba ne, a tambaya ko za a raba shi zama uku ko biyar.

Mai irin wannan hali amma da ke zaune nesa da na'urar MRI, ko kuɗin da ke hannu na tafiya ɗaya ne tak: gashin duka kai mai kauce wa hifokamfus tare da memantine. Kada wani ya sa ku ji kamar kun zaɓi na baya. Kun zaɓi wanda ke tsare kan ko da ba ku samu dawowa a kan lokaci ba.

Mai tsiro da yawa warwatse a ƙwaƙwalwa, ko wanda cutar ta taɓa tantanin: gashin duka kai, kuma likita ne zai faɗa ko kaucewar za ta yiwu, domin idan tantani ya kamu ba a barin wani sashe. Wanda cibiyar da zai iya kaiwa tsohuwar na'ura kawai gare ta: gashin gargajiya da memantine ya fi zama ba komai.

Wanda ba a yi wa aikin ba tukuna, ba kuma gaggawa, yana asibitin da ke da gashin saiti: ya tambaya ko ana yin sa kafin tiyata. Wanda ƙarinsa ya dawo a wurin da aka taɓa gasawa, yana da halin zuwa inda ake dashen ƙwayoyi: ya sa wannan a cikin tambayoyinsa.

Duk wadda aka zaɓa, lokaci yana da muhimmanci. A gwajin Houston cikin kwana 30 da tiyata ake yin gashin, kuma jinkirin da ya zarce sati uku zuwa huɗu yana ba ragowar ƙwayoyin damar farfaɗowa. Don haka a nemi takardar turawa zuwa likitan gashi tun mara lafiya yana kwance, a karɓi sakamakon gwajin ƙarin da rahoton tiyata, a sa a kwafe hotunan kafin aiki da na bayansa a faifai. Idan an sallame shi da dexamethasone, kada a tsayar da shi rana ɗaya don an ga sauƙi. A hankali likita ke rage shi, kuma mai ciwon suga a riƙa auna masa jini kullum muddin yana shan sa.